Ɗan Leƙen Asirin da Ya Makara Shekara Talatin: Tambayoyi da Amsoshi kan Fina-finan Shaguɓe

Shagona yana Tudun Wada a Kaduna, ba nisa da Kasuwar Barci. Tun ina yaro nake wannan harka, daga lokacin da yayana ke ba da hayar kaset ɗin bidiyo ni kuma ina mayar da zaren kaset baya da biro, har muka koma faifan CD, yau ga mu a zamanin waya da memori. A 'yan watannin nan samari sun taso ni gaba da tambaya a kan wani rukunin fina-finai da nake yawan sawa a talabijin ɗin shago in rana ta yi sanyi: fina-finan barkwanci da ke tsokanar 'yan leƙen asiri, da waɗanda ake ɗaukar mutum a jefa shi wani zamanin da ba nasa ba. Bakina ya gaji da maimaita amsa ɗaya, shi ya sa na tattara tambayoyin a nan.

Mene ne bambancin fim ɗin shaguɓe da fim ɗin ban dariya kawai?

Fim ɗin ban dariya yana iya tsayawa da ƙafarsa: mutum ya zame a ɓawon ayaba, kowa ya yi dariya, an gama. Na shaguɓe kuwa yana da wanda yake kwaikwaya. Yana ɗauko wani fim da aka yi shi da gaske, fuska a murtuke, ya ari rigarsa da tafiyarsa da muryarsa, ya ƙara musu gishiri har abin ya zama shirme.

Duk wanda ya taɓa ganin ɗan kama ya san wannan. Ɗan kama zai naɗa rawani ya zauna kamar mai ba da karatu, ya gyara murya, ya ja baƙi da irin karin da ka sani, amma in ka kasa kunne tuwo da miya da ƙosai yake lissafawa. Abin da ke sa ka dariya shi ne ka san yadda na ainihin yake. Wanda bai taɓa zama gaban malami ba zai ga mutum ne kawai yana surutu.

To su wa ake yi wa shaguɓen?

Kusan kullum mutum ɗaya ne: James Bond, mai lamba 007. Wani marubucin Ingila, Ian Fleming, wanda ya yi aikin leƙen asiri a rundunar sojan ruwan ƙasarsa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, shi ya ƙirƙiro shi a littafi a 1953. Fim na farko, Dr. No, ya fito a 1962, Sean Connery ne ya hau. Daga nan aka kafa tsarin da aka daɗe ba a sauka daga kansa ba. Akta sanye da kwat ko yaushe, ko daga cikin ruwa ya fito gashinsa a kwance. Mota mai bindiga a ɓoye. Bos mai son mallake duniya, zaune a kujera mai juyawa yana shafa farar kyanwa, gidansa a cikin dutse mai aman wuta. Mace a kowane gari.

Abu in ya cika tsari haka, tsokanarsa ba ta da wuya, kuma ba a jima ba aka fara. A 1965, shekara uku kacal bayan Dr. No, Mel Brooks da Buck Henry suka fito da shirin talabijin Get Smart a Amurka, inda jami'i mai lamba 86 ke cire takalminsa ya kara a kunne, don a nan wayarsa take. A 1967 aka yi wani Casino Royale na barkwanci da David Niven da Peter Sellers. Wannan kada ka rikita shi da na Daniel Craig na 2006. An taɓa dawo mini da shi cikin fushi, wai na ba da jabu.

Me ya haɗa leƙen asiri da tsallaken zamani? Ai hanyar jirgi daban, ta mota daban.

Wannan ita ce tambayar da na fi so, kuma ita ce gindin maganar duka.

Bond ɗan zamanin Yaƙin Cacar Baka ne, lokacin da Amurka da Ingila ke gefe guda, Tarayyar Sobiyet na ɗaya gefen, kowa na leƙen tukunyar kowa. Katangar Berlin ta faɗi a 1989, Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991. Sai aka wayi gari ga jarumi da kwat ɗinsa da bindigarsa, amma abokin gabar da aka ɗinka masa kwat ɗin dominsa ya watse. Ya zama kamar mai gadin masaƙar da aka rufe, yana nan a bakin ƙofa da kulki, ciki kuwa sai ciyawa da ƙadangaru. Mu mutanen Kaduna ba sai an yi mana dogon bayani ba, mun bi ta Kakuri, unguwar masaƙun da aka rufe.

Mike Myers, ɗan Kanada, shi ya fi kowa gane wannan. A fim ɗinsa Austin Powers na 1997, wanda Jay Roach ya ba da umarni, an daskarar da ɗan leƙen asirin Ingila a cikin ƙanƙara a 1967, saboda abokin gabarsa Dr. Evil shi ma ya daskarar da kansa ya gudu sararin samaniya. Bayan shekara talatin aka narkar da su duka biyun. Myers ne ya fito a matsayin kowannensu. Austin ya tashi da rigarsa mai kwalliyar da aka daina yayi, da haƙoransa marasa kyan gani, yana tsammanin har yanzu shi ne tauraron gari. Akwai inda ya ɗauki faifan CD ya ɗora a kan garmaho ya sauke masa allura. Ranar da na fara ganin wurin nan sai da na tsayar da fim ɗin, don yayana ya taɓa ba ni labarin wani da ya yi kusan haka a shagonmu.

Amma wurin da ya fi shahara na Dr. Evil ne. Ya tara muƙarrabansa, ya ce zai yi garkuwa da duniya baki ɗaya, kuma ba zai sake ta ba sai an biya shi, ya ɗaga ƙaramin yatsa ya kai bakinsa, dala miliyan ɗaya. Ɗakin ya yi tsit. Mataimakinsa ya yi gyaran murya ya sanar da shi cewa miliyan ɗaya yanzu ba wani kuɗi ba ne, kamfaninsu na halal kaɗai yana samun biliyoyi a shekara. Sai ya mayar da shi biliyan ɗari. A kashi na biyu, na 1999, sun koma 1969 da na'urar tsallaka zamani, ya nemi biliyan ɗarin nan a wurin shugaban Amurka, aka fashe masa da dariya, wai kuɗi irin wannan babu su a duniya. Ya je gaba an yi masa dariya don ya yi kaɗan, ya koma baya an yi masa don ya yi yawa.

Akwai wani dattijo da ke zama a bencin ƙofar shagona bayan la'asar, tsohon ma'aikacin masaƙa ne. Ba ya jin Turancin fim sosai, ni nake fassara masa. Da muka zo wurin miliyan ɗayan nan bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Ɗana, ai wannan ni ne. Ranar da aka ce ga kuɗin sallamata na ɗauka gida zan saya. Kafin su iso hannuna ko ƙofar gidan ba su saya." Na ce, "Baba, ai wasa ne." Ya ce ya sani, mayar mini da wurin baya. Sau uku na mayar masa, a na ukun ne ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Ka ga ke nan ba haɗin gambiza aka yi ba. Aikin ɗan leƙen asiri shi ne ya san abin da kowa bai sani ba. In ka tsallakar da shi zamani, ya zama shi kaɗai ne bai san abin da yaro ɗan firamare ya sani ba, kuma har yanzu yana tafiya da ƙasaitar mai sani.

Da wanne zan fara?

Johnny English na 2003. Rowan Atkinson ne, wato Mista Bin da kowa ya sani, sai dai a nan yana magana. Ma'aikacin ofis ne mai mafarkin zama jami'in fili. Sakacinsa ya sa bam ya hallaka duk ƙwararrun jami'an ƙasar a wurin jana'izar ɗaya daga cikinsu, sai ya zama shi kaɗai ya rage, dole aka ba shi aikin. John Malkovich ne bos, wani attajirin Bafaranshe mai neman gadon sarautar Ingila. Akwai inda English ya diro da laima cikin dare a kan benen da yake zaton hedikwatar bos ce, ya tsare likitoci da marasa lafiya da bindiga, ashe asibiti ne, benen da yake nema na can gefe, mataimakinsa Bough na ciki yana ɗago masa hannu. Wani abin sha'awa, biyu daga cikin marubutan fim ɗin, Neal Purvis da Robert Wade, su ne kuma suka rubuta da dama daga cikin fina-finan Bond na gaske. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

An yi na biyu a 2011, na uku a 2018. Na ukun ya shiga maganarmu ta zamani ko da babu na'ura a ciki: masu kutse ta intanet sun tona asirin duk jami'an da ke aiki, sai aka koma neman tsofaffin da suka yi ritaya, aka samo shi yana koyarwa a makaranta. Ya ƙi karɓar wayar zamani, ya zaɓi tsohuwar mota mai shan mai.

Zan iya kallon su da iyali a falo?

Johnny English, e. Austin Powers, a'a, kuma da babbar murya nake faɗa, don na taɓa ƙonewa.

Shekarun baya wani magidanci da muke mutunci ya zo ranar jajibirin Sallah ya ce in haɗa masa abin dariya da yara za su kalla. Shago ya cika, ina sauri, na tuna da wurin miliyan ɗaya da wurin faifan garmaho, na manta da duk sauran abin da ke tsakaninsu, na sa masa Austin Powers. Washegarin Sallah ga shi da sassafe. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ajiye faifan a kan tebur ya ce, "Malam, surukata tana falon." Ya juya ya tafi. Sai da na bi shi har gida da ban haƙuri. Laifina ne, ba na kowa ba. Fina-finan Austin Powers guda uku cike suke da zancen batsa da shaguɓen tsiraici, sunan na biyun ma ba zan fassara shi a nan ba. A Amurka an sa musu alamar PG-13, wato iyaye su yi hattara da yara 'yan ƙasa da shekara 13, amma ma'auninsu ba namu ba ne.

Haka Spy na 2015, na Melissa McCarthy da Jason Statham: akwai dariya sosai, musamman yadda Statham ke tsokanar kansa da kurin ƙarya, amma bakinsu babu linzami. Akwai kuma na Faransa, OSS 117 na 2006, da Jean Dujardin, wanda aka kafa labarinsa a Alƙahira ta 1955. Manufarsa ita ce ya tona jahilci da girman kan Bature a ƙasar Musulmi, amma akwai wurin da jami'in ya far wa ladani don kiran asuba ya tashe shi daga barci. Ko da shi ake wa dariya ba ladanin ba, ni ban ji daɗin wurin ba, kuma ba na ba da shi sai na faɗa wa mutum tukuna.

Me ya sa bos ba ya harbe akta kawai in ya kama shi?

Kowane ɗan kallo ya taɓa yin wannan tambayar, ko a fim ɗin Indiya ne. A Goldfinger na 1964 an ɗaure Bond a kan tebur, wani haske mai yanka ƙarfe yana tahowa a hankali ta tsakanin ƙafafunsa, har ya sami lokacin yin magana ya ceci kansa. A Live and Let Die na 1973 an bar Roger Moore a wani ɗan tsibiri a tsakiyar kadoji aka yi tafiya, ya taka bayansu ɗaya bayan ɗaya ya tsallake. Amsar gaskiya ita ce in an harbe shi fim ya ƙare a minti arba'in.

Masu shaguɓe sai suka ɗauki tambayar daga bakin 'yan kallo suka sa ta a bakin ɗan wasa. Dr. Evil yana da ɗa, Scott, saurayi ɗan zamani. Da aka kama Austin, uban ya ce a ɗora shi a kan wata na'ura mai saukowa a hankali zuwa cikin ruwa, a rufe ƙofa, kowa ya tafi cin abinci. Yaron ya ce yana da bindiga a ɗakinsa, a ba shi daƙiƙa kaɗan ya ɗauko a gama. Uban ya dube shi da takaicin mahaifin da ɗansa ya ƙi gadon sana'a. Ruwan ma kifayen shak ya so a zuba masa masu na'urar haske a ka, aka ce doka ta hana kama su, sai wasu kifaye masu saurin fushi aka samo.

Dole sai na kalli Bond kafin in gane?

Ba dole ba, amma ka kalli ko biyu. Goldfinger da You Only Live Twice na 1967 sun isa. A na biyun za ka ga bos Blofeld da sanƙonsa da tabon fuskarsa da kyanwarsa, daga nan ba sai an gaya maka inda aka samo Dr. Evil ba.

Kayan aikin nan na ban mamaki fa, su ma ana tsokanarsu?

Su ne ma abin tsokana mafi sauƙi. A Get Smart akwai wata rumfar gilashi da ake saukowa a kan mutum biyu don su yi maganar sirri. In ta sauko su biyun ba sa jin juna, sai sun yi ihu, na waje kuwa yana jin komai. Stephen Chow na Hong Kong, wanda samarinmu suka sani da fim ɗin ƙwallo da kumfu, ya yi nasa a 1994, From Beijing with Love, inda jami'in mahauci ne mai sayar da nama da aka manta da shi shekara da shekaru. Mai ƙera musu kaya ya kawo tocila mai aiki da hasken rana: in akwai haske ta kama, in duhu ya yi ta mutu. Duk wanda ya taɓa sayen fitilar caji mai arha a bakin titi ya san ba ƙarya aka yi ba.

Wayar takalmi kuwa zamani ya rama mata. A 1965 abin dariya ce a ce mutum na yawo da waya a jikinsa. Yau yaran da ke zuwa shagona ba sa ganin abin dariyar sai na yi bayani, abin da suke tambaya shi ne me ya sa bai sa ta a aljihu ba.

Akwai na tsallaken zamani zalla, ba leƙen asiri?

Da yawa. Tushen abin a littafi ne, H. G. Wells ya rubuta labarin na'urar tsallaka zamani a 1895, amma nasa ba na dariya ba ne. A fim, uban tafiyar shi ne Back to the Future na 1985, wanda Robert Zemeckis ya ba da umarni. Michael J. Fox ya shiga mota ƙirar DeLorean, da ta kai gudun mil 88 a awa sai ga shi a 1955, ya haɗu da iyayensa suna samari, ya kusa ɓata haɗuwarsu. Akwai inda masanin da ya ƙera motar, a 1955 ɗin, ya tambaye shi wane ne shugaban Amurka a 1985. Ya ce Ronald Reagan. Mutumin ya ɗauka raina masa hankali ake yi, don a lokacinsa Reagan ɗan fim ne.

Les Visiteurs na Faransa, 1993, ya juya abin: wani barde da baransa daga shekarar 1123 suka faɗo zamaninmu. Jean Reno ne barden. Motar farko da suka gani suka far mata da duka, a zatonsu keken shaiɗan ne, suka kuma wanke hannu da fuska a masai na zamani don sun ɗauka rijiyar cikin gida ce. Wannan ba ya bukatar fassara, ko kurma zai yi dariya.

Masu son Indiya suna da Action Replayy na 2010, Akshay Kumar da Aishwarya Rai, inda ɗa ya koma 1975 don ya gyara auren iyayensa tun daga tushe. Ba shi cikin waɗanda nake yabo, waƙoƙin sun fi labarin.

Lissafin yana rikita ni. In mutum ya koma baya ya hana iyayensa aure, wa ya haife shi har ya koma?

Ba kai kaɗai ba, masana ma sun daɗe suna juya wannan kacici-kacicin. Fina-finan da suka ɗauki kansu da muhimmanci, irin Tenet na 2020, sukan ɓata rabin lokacinsu suna bayani, ka fito kanka na ciwo. Masu barkwanci sun huta. A Austin Powers na biyu, Austin ya fara wannan lissafin har idonsa ya harɗe, sai shugabansa ya ce masa kada ya damu da irin wannan, ya ji daɗinsa kawai, sannan ya juyo ya kalli 'yan kallo ya ce ku ma haka.

Bill & Ted na 1989, inda Keanu Reeves yake yaro, ya mayar da rikicin abin wasa. Daƙiƙan ɗalibai biyu ne ke yawo a rumfar tarho suna kwaso mutanen tarihi, su Napoleon da Socrates, don kada su faɗi jarrabawa. Da suka bukaci makulli, sai suka yi shawara cewa in an gama komai za su koma baya su sace shi su ɓoye a bayan wani allo. Suka leƙa bayan allon, ga makulli. Abin da ya rage kawai kada su manta su je su ajiye daga baya.

A zahiri ana iya tsallaka zamani?

Baya dai babu wanda ya taɓa komawa. Gaba kuwa akwai ɗan abin da kimiyya ta tabbatar tun daga ayyukan Einstein na 1905 da 1915: gudu mai tsanani da ƙarfin jan ƙasa suna canza yadda agogo ke tafiya. Agogunan taurarin ɗan'adam na GPS suna wuce na ƙasa da kimanin kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kowace rana, kuma sai an gyara wannan bambancin taswirar wayarka ke nuna daidai. Wannan ba zai kai ka ko gobe da safe ba.

Dattijon bencina ya taɓa tuna mini cewa mutumin da ya farka a zamanin da ba nasa ba, ba Turawa suka fara ba mu labarinsa ba. A Suratul Kahfi, samarin nan sun yi shekara 309 a kogo, suka tashi suna zaton yini ɗaya ne ko wani yanki na yini, suka aiki ɗayansu gari da kuɗin azurfarsu ya sayo abinci. Wannan aya ce ta ikon Allah, ba a haɗa ta da wasan fim. Abin da Baba yake nufi shi ne kunnen Bahaushe ya riga ya san nauyin wannan yanayin, na mutum riƙe da kuɗin da aka daina karɓa.

Akwai fassarar Hausa?

Masu fassara irin su Algaita sun fi ƙarfi a fina-finan Indiya, kuma ina ganin dalili. Faɗa da soyayya suna tsallaka harshe lafiya lau. Shaguɓen Turanci kuwa rabinsa wasa da kalma ne, sunayen 'yan wasan ma kansu habaici ne, in ka fassara ya mutu, in ka yi bayani ya ƙara mutuwa. Abin da ke tsallakowa shi ne na jiki, kamar inda Austin ya saƙale 'yar motarsa a wani siririn lungu, yana gaba yana baya, taku ɗaya ba ta motsa ba. Duk direban da ya taɓa shiga layin Kasuwar Barci ranar da ta cika ya san wannan a jikinsa.

Wani abin kuma Hausa ta fi Turancin dacewa da shi. A kashi na biyu, Dr. Evil ya aika a sace wa Austin wani sirrin jikinsa da ke sa mata son sa, aka zuƙe shi a kwalba. Bature sai ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya bayyana ma'anar kalmar. Ni da nake fassara wa Baba cewa na yi an sace masa farin jini, an karya masa laƙani. Ya ce to, sammu ne, ci gaba.

Shin tsokanar ta shafi Bond ɗin kansa?

Ta shafe shi. Bayan Goldmember na 2002, na ukun Austin Powers, wanda Beyoncé da Michael Caine suka fito a ciki, ya yi wuya a sake nuna bos mai kyanwa da dutse mai aman wuta mutane ba su tuna Dr. Evil ba. Da Daniel Craig ya karɓa a 2006 sai aka rage wasa, aka kawo Bond mai zubar da jini da jin ciwo. Craig da bakinsa ya taɓa danganta wannan sauyin da abin da Mike Myers ya yi musu.

Mu Hausawa muna da irin wannan?

Shaguɓe dai gadonmu ne. Ga 'yan kama, ga wasan gauta da matan fada ke kwaikwayon sarki da fadawansa, ga kalankuwa da samarin ƙauye ke naɗa gwamna da alƙali da ɗan sanda na wasa bayan kaka, ga tashe da azumi. A nan Kaduna kuwa aka yi Samanja Mazan Fama. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, tsohon soja ne, ya ɗauki rayuwar bariki da tsawar samanja da gaurayayyar Hausar soja ya mayar da su abin dariya a rediyo da talabijin, sojojin kansu suna cikin masu kallo. Marigayi Kasimu Yero ma a nan ya yi Karambana. Marigayi Rabilu Musa Ibro, da ya rasu a Disambar 2014, ya kwaikwayi duk abin da ya shigo gari, har mawaƙin Kwango Awilo bai tsira ba. Allah Ya jiƙansu.

Abin da ya hana mu tsokanar ɗan leƙen asiri shi ne ba mu da namu na gaske da ya yi ƙaurin suna har za a tsokana. Ɗan kama yana bukatar malami. Amma ɓangaren zamani, wannan kam muna da kayan aikinsa fiye da Turawa, don abin da ya canza a garin nan cikin shekara hamsin ya fi ƙarfin abin da ya canza a Landan.

In da za a yi a Kaduna, yaya zai kasance?

Na daɗe ina juya shi a raina, kuma duk mai kyamara da ke so ya ɗauka, na yafe.

A ce 1977 ce, ana hawan dabar FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, gari ya cika da dawaki da baƙi. Wani jami'in farin kaya, wando fantalo, gashi tuli guda, yana bin sawun wani bos da ke shirin sakin kadojin kogin Kaduna a cikin gari. Garin bi ya faɗa ɗakin ƙanƙarar wani kamfanin kifi, ƙofa ta rufe. Ba a buɗe ba sai bana, kuma abin da ya narkar da shi ɗauke wuta ne na kwana uku.

Ya fito ya karkaɗe kwat. Abu na farko, ya nufi Otal ɗin Durbar don a can aka ce ya kai rahoto, ya tarar da fili. Ya ce to, bari ya buga wa hedikwata a Legas, aka ce masa ai babban birni ya koma Abuja tun 1991, in yana sauri ya je Rigasa ya hau jirgin ƙasa. Ya ce zai wuce Katsina ya ga iyalinsa tunda duk jiha ɗaya ce, aka ce an raba tun 1987. Ya tambayi jihohi nawa ne yanzu, don shi 19 ya bari, aka ce 36, ya nemi wuri ya zauna. Ya hangi gadar Kawo ya ɗauka aikin bos ne. Ya ga kowa na magana shi kaɗai da wani abu a kunne, ya kammala cewa duk garin 'yan leƙen asiri ne, ya fara bin bango.

Makaminsa na ƙarshe yana cikin aljihun ciki: sabuwar takardar naira 20 mai hoton Murtala, wadda a shekarar ta fito, ita ce mafi girman kuɗi a ƙasar, an ba shi ne don ranar da abu ya ɓaci. Ya tsayar da mai Keke Napep a titin Ahmadu Bello, ya shiga baya, ya zaro ta a hankali yadda zai ga walƙiyarta, ya ce cikin muryar sirri, "Direba, bi waccan Fijo ɗin, kada ka bari ta ɓace. Canjin naka ne."

Yaron ya karɓa ya juya ta gaba da baya, ya kalli wandon, ya kalli gashin, ya kashe inji. Ya ce, "Baba, in babu kuɗi a hannu ai sai ka yi tiransifa."